Mai Korar Jan-baki

Ni ne Tsalha mai caji, bakin tashar Auyo,
rumfar langa-langa, janareta, soket arba'in.
Abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Haladu ɗan Iya Tabawa ba shi da gona.
Aikinsa korar jan-baki a shinkafar mutane,
ɗari bakwai a wuni, da kwanon ɗanwake.
Sauran yara gwangwani suke kaɗawa,
shi kuwa sai ya hau kunya ya buɗe maƙogwaro
yana yi wa tsuntsaye zambo:
baƙin da ba sa sallama, masu girbi ba lauje.

Wata Laraba wani malamin gona daga Dutse
ya ɗauke shi a waya, daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Ko sunansa bai tambaya ba.

Kafin kwana tara, duk wayar da na zare daga wuta
muryar Haladu ce a cikinta.
'Yan mata a Kano na tuƙa tuwo da ita,
wani a Jidda, wani a Agadas,
har da soja, bindiga a kafaɗa, yana motsa baki.
Na ce: Haladu, ka yi miliyan uku!
Ya ce: Na me?
Na ce: Na ido.
Ya ce: To ido nawa ke sayen kwanon gero?

Sai ga mota mai baƙin gilashi ta tsaya gaban rumfata.
Mudi Furodusa, turare kamar an fasa shago,
da takarda shafi shida, duk Turanci.
Haladu ya dangwala babban yatsa,
lakar fadama ba ta gama fita daga farcensa ba.

A situdiyo suka wanke muryar da na'ura
har ƙamshin ruwan Haɗeja ya bar ta.
Biki huɗu a wata, liƙi kamar ganyen kaka.
In an share fili aka zauna rabo:
rabi na Mudi, sai mai fiyano, sai mai kyamara,
kuɗin masauki, hayar babbar riga.

Abin da ya iso gida ni na sani,
don ta asusuna yake aiko wa Iya.
Dubu tamanin. Dubu ɗari da ashirin lokacin kamfe.
Talatin.
Sha biyar, da ban haƙuri.
Ya zama bandir biyu na kwanon rufi,
injin ban-ruwa ɗan Caina, da tunkiya mai ciki.

Wata bakwai ya yi a bakin duniya.
Sai wani tsoho a Gumel ya yi atishawa mai ban dariya,
duk idon ya kwashe ya koma can,
kamar yadda jan-baki ke tashi in an gama yanka.

A motar kasuwa ya dawo, tsakanin buhunan albasa,
da farin takalmi da waya mai tsagaggen gilashi.
In ya kawo caji ba na karɓar hamsin ɗinsa.
Ba kirki ba ne. Ni ma na ci:
naira ɗari nake tura waƙar a memori,
manoma su rataya sifika a kan gora
ta yi musu gadi kyauta.

Sati biyu tsuntsayen suka haddace ta.
Da idona na ga uku a kan sifikar Malam Barau,
suna gyara fiffike, waƙa na tashi ƙarƙashinsu.

Jiya Malam Barau ya zo da kansa, hula a hannu.
Sun daidaita a dubu ɗaya da ɗari biyar.
Ga ribar suna nan, in ji Haladu, ɗari takwas.

Yau da asuba na bi shi fadama.
Ya hau kunya, ya yi gyaran murya,
ya jefo baitin da babu wanda ya taɓa ji.
Garken ya tashi baƙi ƙirin, ya yi gabas.
Na kai hannu aljihu.
Bai juyo ba ya ce: Tsalha, bar ta a ciki.